Lambar da Muka Bari a Zaure

Abubuwa da yawa sun same ni a zaman aure waɗanda yanzu sai an tuna mini nake tunawa, amma ranar da muka bar lambar mashin a zaure muka kama hanyar Kebbe, wannan kam ko na tsufa haƙora sun zube ba za ta fita daga kaina ba. Yaron da nake goye da shi a ranar yanzu shi ke kai kansa makaranta, amma har yau in na ji an ta da mashin a ƙofar gida sai na leƙa na ga bayansa kafin hankalina ya kwanta.

Ni 'yar Kebbe ce, aure ya kawo ni Tambuwal. Karatuna bai yi nisa ba, ina dai iya haɗa baƙi in rubuta abin da ke raina. Amma Allah ya ba ni ido, ya kuma haɗa mini da fargaba. In kaza ta yi shiru a tsakar gida ni ke fara lura. In girgije ya haɗo daga gabas, kafin kowa ya ɗaga kai na kwashe shanya. Maigidana har suna ya sa mini, wai uwar fargaba. Shi kuwa mutum ne mai sanyin zuciya da son raha, sana'arsa sayar da maganin dabbobi, yana bin kasuwanni: yau Sanyinna, gobe Dogon Daji, jibi wani ƙauyen da ban taɓa jin sunansa ba.

Saboda wannan yawo ne ya sayi wani ƙaton mashin na hannu, irin wanda masu dogon zango ke ratsa ƙasashe da shi. Ba irin na 'yan kabu-kabu ba ne. Baƙi ne, mai faɗin ƙirji, in an ta da shi sai ka ji ƙararsa a cikin cikinka. Yana da akwatuna nasa na kansa, ɗaya a dama, ɗaya a hagu, da wani babba a baya bisa kariya, wato ƙarfen ɗora kaya. Dukkansu da makulli ake cire su, a ɗauka kamar jaka a shiga da su gida. A na gefe yake zuba kwalaben magani, na baya kuwa nan yake kulle takardun mashin da sallayarsa da rigar ruwa. Ranar da ya zo da shi unguwa ta cika, tsofaffi ma sai da suka taso daga gindin darbejiya suka zo suna shafa shi.

Da farko lambar tana can ƙasa, a jikin wani siririn ƙarfe ƙarƙashin danja, wato jar fitilar baya, kusa da taya. To hanyoyinmu ba su san siririn ƙarfe ba. In ya yi lodi ya faɗa rami sai taya ta taɓo lambar, ta lanƙwashe, ya sauka ya miƙe ta da hannu. Yau lanƙwasa gobe miƙewa, ran nan ƙarfen ya karye gaba ɗaya, ya dawo gida da lamba a aljihu. Ya kai wa mai walda. Shi kuma ya duba ya ga inda ya fi tsayi, inda taya ba za ta kai ba, kuma akwatunan gefe ba za su rufe ta ba, shi ne gindin kariyar akwatin baya. Nan ya liƙa sabon ƙarfe mai kauri ya ɗaure lambar da noti. Aiki ya yi kyau, ba ta ƙara motsi ba. Abin da babu wanda ya kawo a ransa shi ne, akwatin nan da kariyarsa tare suke zarewa. Kuma tun da aka yi waldar bai taɓa cire na bayan ba, na gefe kawai yake shigowa da su.

Ana nan yayata ta haihu a Kebbe. Lokacin ɗana na fari ya fara zama, bai kai ga rarrafe ba. Ranar suna muka shirya da sassafe. Na goya yaro, na sa hijabi, an cika akwatunan gefe da kayan barka, sabulu da atamfa da dawo na fura da surukata ta daka da hannunta. Inna muke ce mata, mahaifiyar maigida, a gidanta muke zaune. Da na hau bayan mashin sai yaro ya tsala ihu. Akwatin baya ya tokare shi, ba wurin goyo tsakanin bayana da shi.

Inna tana tsaye a bakin zaure ta ce, "Kai, cire tulin ƙarfen ga. Za ka matse mini miji ya zama waina kafin ku kai?"

Haka take kiran jikan, mijinta. Maigida ya yi dariya, ya murɗa makulli, ya zare akwatin da kariyarsa ya jingine a cikin zaure bayan ƙofa. Na gyara zama, yaro ya yi shiru, Inna ta yi mana addu'a, muka tafi.

Mun bar kwalta mun shiga jar hanya, na juya don in gyara wa yaro hularsa, sai idona ya sauka a bayan mashin. Fayau, ba komai, kamar akuyar da aka yanke wa bindi. Na taɓa kafaɗarsa na ce, "Malam, lamba. Lamba tana jikin akwatin da ka ajiye."

Ya rage gudu ya waiga, ya yi ɗan tsaki. Na ga ya yi jim kamar zai juya. Sai ya dubi rana ya ce, "In munka koma ba mu samun raɗin suna. Wa ka duba lamba cikin dajin ga? Ke dai, uwar fargaba, ba ki rasa abin tsoro."

Ya saba jin na ce wani abu zai faru bai faru ba, ban ga laifinsa ba. Ni ma a raina na ce wataƙila halin nawa ne.

Abin da ba mu sani ba, a makon nan an shiga wani ƙauye da ke kan hanyar an ɗauke wata mata. Waɗanda suka ga abin sun ce da manyan mashina aka zo, baƙaƙe, marasa lamba. Tun daga ranar mutanen ƙauyen suka gitta icce a hanya, 'yan sa-kai suna tsaye da sanduna da bindigogin toka, duk wanda ba su sani ba sai ya tsaya. Da hantsi muka iso wurin.

"Kashe mashin, Malam. Daga ina? Ina za ku?"

Maigida ya yi sallama da fara'arsa ta kasuwa, ya ce daga Tambuwal, za mu suna Kebbe. Babban cikinsu dattijo ne mai furfura a gemu, har ya fara ɗaga hannu a janye iccen. Sai wani dogon saurayi da ya zagaya baya ya daka tsawa: "Ba lamba! Wallahi ba lamba!"

Ban san daga ina mutane suka fito ba. Kafin in sauke ƙafata ƙasa an kewaye mu. Aka ce ina takardu. Maigida ya kai hannu baya inda akwatin yake zama, hannunsa ya kama iska. Na ga fuskarsa ta canja, karon farko tun da na san shi. Ya fara bayani, akwati, kariya, mai walda, goyo. Ni da na san gaskiya ce ma, da na ji maganar a bakinsa sai ta yi mini kama da ƙarya. Wa zai yarda an liƙa lambar mashin a jikin akwati?

Dattijon ya nuna ni da baki. "Wagga fa?"

"Matata ta, da ɗana."

"To, a raba su."

Aka ja shi gindin wata tsamiya, ni kuma aka matsa da ni gefen hanya, inda wata tsohuwa ke zaune da ƙwaryar nono. Dattijon ya tsuguna a gabana, ya sassauta murya ya ce, "Baiwar Allah, kada ki ji tsoro, kina cikin mutane. Wancan mutum, mi as sunanai?"

Sunan mijina yake tambaya. Nan fa ake yin ta. Wanda ba a gidajenmu ya tashi ba zai ga abin kamar wauta, amma ni tun da aka kai ni ɗakinsa ban taɓa kama sunan nan a bakina ba. Uwata ba ta taɓa faɗin sunan ubana ba, kakata ta mutu ban ji ta faɗi na kakana ba. Ko wani mai irin sunan ya zo gidanmu, sai dai in ce mai sunan Malam. Ga shi kuma maza sun cika wuri, duk ido a kaina. Na buɗe baki, sunan ya zo maƙogwaro ya tsaya. Na sunkuyar da kai na ja hijabi na rufe fuska, jikina yana rawa.

"Shi na," na ce. Abin da ya iya fita ke nan.

"Shi wa?"

Na yi shiru.

Tsohuwar mai nono ta ce, "Kunya ta, ku bar ta. Yarinya ta."

Dattijon ya gyaɗa kai, ya san da haka, shi ma a irin gidan ya tashi. Amma dogon saurayin nan ya ce, "Baba, wadda anka tsorata ma haka taka yi. Sukan ce in kin yi magana mu kashe ki. Dubi yadda jikinta ka rawa!"

Sai dattijon ya sauya tambaya, ya zaci ya kawo mai sauƙi. Ya nuna bayana ya ce, "To yaron ga, naki na?"

Ɗan fari. Kuma sunan mahaifin maigida aka sa masa, kunya biyu ke nan. A gida in baƙuwa ta ce wannan naki ne, amsa ɗaya nake bayarwa, a yi dariya a wuce. Bakina ya saba da ita har ba ya jiran kaina. Ita ce ta fito.

"Na kakatai na."

Na ce na kakarsa ne. Wallahi ban ji nauyin maganar ba sai da ta faɗi ƙasa. Wurin ya ɗauka gaba ɗaya. Shi ya ce matarsa ce da ɗansa, ita ba ta san sunansa ba, ta kuma ce yaron ba nata ba ne. Mashin baƙi, ba lamba, ba takarda. Me ya rage?

Wani mutum ya keto taro, siriri, idanunsa jajur kamar wanda ya daɗe bai yi barci ba. Daga baya na ji shi ne mijin matar da aka ɗauke. Bai yi ihu ba, shi ya fi ba ni tsoro. Ya je gindin tsamiya ya shaƙe wuyan rigar maigida, yana tambayarsa a hankali, "Ina kunka kai ta? Gaya mini ina kunka kai ta." Wani ya kawo igiyar ɗaure shanu. Na ga an murɗe hannuwan mijina baya. Hularsa ta faɗi aka taka. Wani ya kwaɗa masa sanda a kafaɗa, ya durƙusa. Dattijon yana cewa ku dakata, ku dakata, muryarsa ba ta kai ko'ina. Sai na ji wani a bayana ya ce a zuƙo mai daga tankin mashin.

Maigida bai roƙe su ba. Ni ya waiwayo ya duba. Mutumin da kullum yake mini dariya, ya dube ni da ido irin na ƙaramin yaro.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na yaye hijabin daga fuskata, na kutsa cikin maza da goyo a bayana, na kama igiyar nan da hannu biyu. Na kira sunansa. Da ƙarfi na kira shi, har tsuntsaye suka tashi daga kan tsamiyar. Na faɗi sunansa, na faɗi na ubansa, na faɗi na kakansa, na faɗi unguwarmu a Tambuwal da masallacin da yake salla. Na faɗi sunan ubana da gidanmu a Kebbe. Na kwance goyo na ɗaga yaron sama na ce, "Wanga ɗana na, ni na haife shi, ga uban shi nan kun ɗaure!" Na faɗi sunan yaron shi ma. Duk sunayen da na yi shekaru ina zagayewa, a numfashi ɗaya na zubar da su a kan hanya.

Yaro ya tsorata ya fashe da kuka. Ya ga ubansa a durƙushe, ya miƙa hannu yana zillo zai je wurinsa. Da ban miƙa shi ga uban ba ya juyo ya cusa kai a ƙirjina yana neman nono. Nan na zauna a ƙasa, tsakanin mijina da masu sanduna, na ja hijabi na rufe shi na ba shi. Ya kama ya yi shiru.

Tsohuwar mai nono ta taso tana dogara sanda. Ta ɗaga gefen hijabin ta leƙa yaron, ta dubi maigida, ta ƙara leƙawa. Ta ce, "Ku ji tsoron Allah. Ku dubi kunnuwan nan. Wa ka satar yaro ya sato mai kunnuwa irin nashi, awa faifai?"

Wani ya yi dariya daga baya, ya haɗiye. Amma ta riga ta fita. Sandunan suka ɗan sauka. Dattijon ya samu wurin magana, ya ce a ɗaga daga kan mutum, amma ba za a sake shi ba sai an ga lambar nan da ido. In gaskiya ce tana zaure, a kawo ta. In ba a kawo ba kafin la'asar, za su miƙa shi ga hukuma, can a bincika.

Waya ba ta kamawa a wurin sai an hau wani ɗan tudu bayan rumbuna. Da yake hannun maigida a ɗaure yake, ni aka ba wayarsa, dattijon ya raka ni. Wan maigida yana kasuwar Dogon Daji, tasa ba ta shiga. Na kira ta Inna. Ni da ba na haɗa ido da ita, ban taɓa yi mata magana mai tsawo ba sai gaisuwa. Da ta ɗauka dattijon ya ce in faɗi ko wane ne aka kama, da suna, yana son ya ji abin da za a amsa daga can. Na rufe ido na faɗi sunan ɗanta a kunnenta.

Sai ta ce, "Wa ka magana?"

Na ce, "Ni ta, Inna."

"La'ilaha illallahu. In ke kinka faɗi sunan ga, to abin ya kai. Ina kuke?"

Na gaya mata komai, ina yi ina kuka. Na ce akwatin yana bayan ƙofar zaure, ta ɗauko shi da ƙarfen da ke ƙarƙashinsa duka, kada ta bari kowa ya kwance komai. Ta ce in ba dattijon. Ban ji abin da ta ce masa ba, na dai ga ya janye wayar daga kunne ya dube ta, ya mayar, yana ta "To, Hajiya. To, Hajiya. A yi haƙuri, Hajiya."

Jiran nan shi ne mafi tsawo a rayuwata. An kwance wa maigida hannu da azahar ya yi salla, mutum biyu suna tsaye a kansa. Tsohuwar ta dama mini fura, na ajiye ta a gefe. Duk ƙarar mashin da na ji daga nesa sai in miƙe. Zuciyata kuwa ta samu aikin da ta iya: in Inna ba ta samu abin hawa ba fa? In akwatin ya faɗi a hanya lambar ta ɓalle? In wani ya shiga zaure ya ɗauke shi tun safe? Mijin matar da aka ɗauke yana zaune shi kaɗai a kan iccen da aka gitta, ya zuba wa hanya ido. Na lura shi ma duk ƙarar da aka ji sai ya ɗaga kai. Sai na ji haushin da nake ji nasa ya ragu. Ni na san wanda nake jira yana tafe.

Inuwa ta fara tsawo sai ga ɗan kabu-kabu ya ɓullo daga kwana, yana tafe a hankali kamar ya ɗauko ƙwai. A bayansa Inna ce, tsohuwar da ko gidan biki ba ta yarda ta hau mashin, ta rungume ƙaton akwatin nan a cinya, gyalenta ya zame, kariya ta tokare wa ɗan kabu-kabun baya. Lambar tana leƙowa ta gefe, rana tana dukan ta tana walƙiya. Ban taɓa ganin abu mai kyau irin wannan guntun ƙarfen ba.

Ba ta jira an tsaya daidai ba ta fara. "Ina mai furfurar da munka yi magana? Kai na? Ga lambarku! Ku karanta, in ba ku iya ba a kira mai iyawa. Ɗan da ni goya da bayana shi za ku ɗaure da igiyar shanu? Kun taɓa ganin ɓarawo da dawon fura?"

Aka sauke ta da ƙyar, ƙafafunta sun sage. Maigida ya ciro makulli daga aljihu ya buɗe akwatin a gaban kowa. Ga takardu, ga sallaya, ga rigar ruwa, kamar yadda ya faɗa. Wani malamin makaranta a ƙauyen ya duba takardun, ya duba lambar, ya tsuguna ya duba lambar da ke jikin inji, ya ce duk ɗaya ne. Sai dattijon ya ce a mayar da akwatin ya gani. Maigida ya ɗora kariyar ya tura, ta shige mazauninta ta yi ƙas. Mashin ya koma mai lamba a gaban idonsu. Ya murɗa makulli ya zare, ya koma marar lamba. Dogon saurayin nan ya kama baki ya ce, "Kai! Wane mai walda na ya yi wanga aiki?"

Nan fa dariya ta ɓarke, irin wadda ake yi bayan an tsallake abu. Ni dai na zauna ina dariya hawaye na zuba. Dattijon ya ɗauko hular maigida ya kakkaɓe da hannunsa ya sa masa, ya ce a yafe musu, wuta ce ta taɓa su shi ya sa. Wanda ya yi dukan ya zo ya durƙusa. Maigida ya ce ba komai, laifinsa ne, an gaya masa a hanya bai ji ba. Bai ce wa ya gaya masa ba, amma ya dubi inda nake.

Mijin matar nan shi ne na ƙarshe. Ya zo ya miƙa wa maigida hannu. Maigida ya riƙe hannun ya daɗe, ya yi masa addu'a Allah ya bayyana ta. Inna da ta zo da faɗa, da aka gaya mata ko wane ne, sai ta buɗe akwatin gefe ta ɗebi dawo ta ce a kai wa 'ya'yansa. Bayan an yi girbi muka ji labari matar ta dawo gida da ranta. Ranar na yi sadaka da waina.

Ba mu samu raɗin suna ba, ko naman ma sai ragowa. Inna ta ce tun da ta zo nan ba ta komawa sai ta ga jinjiri. Muka shiga Kebbe gab da magariba, mu a gaba, ita a baya da ɗan kabu-kabunta, akwatin yana cinyarta har yanzu, don ba wurinsa a bayana. Duk inda aka tsayar da mu sai ta ɗaga shi ta ce, "Lambar wancan ta, tana nan tafe."

Da muka koma Tambuwal ban bar maigida ya je kasuwa ko ɗaya ba sai da ya koma wurin mai walda. Wannan karon na gaya masa abin da nake so, ya kuma saurara. Aka yanke ƙarfen daga jikin kariya. Aka yi wani mai kauri aka ɗaure shi da noti a jikin mashin ɗin kansa, dab da ƙarƙashin danja, aka ɗan karkata shi baya yadda taya ba za ta taɓo shi ba, aka sa guntun robar tsohuwar taya a tsakani saboda girgiza. Da ya dawo na sa ya cire akwatunan duka a ƙofar gida, na zagaya na duba. Ya mayar da su, na ƙara zagayawa na ga ba wanda ya rufe ta. Takardun kuwa suka bar akwati, na ɗinka musu 'yar jaka suka koma aljihun rigarsa. Bai ce mini uwar fargaba ba a ranar. Yana faɗa har yanzu, amma in na ce a juya, juyawa yake.

Inna ce ba ta bar ni ba. Kwana biyu ba ta ce komai ba, har na zaci ta manta. Ran nan ina tankaɗe a tsakar gida, mata sun cika, sai ta ce, "Ashe kin san sunan nai? Ni ina ta tausayin ki, na ɗauka ba a gaya miki ba ranar ɗaurin aure." Na jefar da rariya na shige ɗaki, suna ta dariya. Har yau in tana son ta ga na gudu, ta san abin da za ta ce. Kuma ban ƙara faɗin sunan ba tun daga ranar nan. Kunyata tana nan inda take, ba na kuma jin zan bar ta.

Amma na koyi abin da ban sani ba a da. Kunya ta cikin gida ce, tsakanin mutanen da suka san ka, waɗanda in ka yi shiru sun san abin da shirun yake nufi. A bakin hanya, cikin mutanen da tsoro ya riga ya cika, shirunka ba ya gaya musu komai sai abin da suke tsoro. Duk abin da zai shaida ko kai wane ne, kada ka liƙa shi a jikin kayan da ake saukewa a bari a zaure. Ƙannena mata in za su yi tafiya da mazansu, abu biyu nake ce musu: ki zagaya ki dubi bayan mashin kafin ki hau, kuma in baƙo ya tambaye ki ɗan wa kike goye da shi, ki ɗaga kai ki ce naki ne.